Kujerarki Tana Hannun Damana

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake fakewa a ciki tun kaina yana baƙi wuluk har ga shi yau ya yi fari fat kamar auduga. Uwar 'ya'yana, kakar jikokina, amaryata wadda ba ta taɓa tsufa a idona ba,

Gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa. Tun da kika tattara kika koma gidan 'yarmu don hidimar bikin jikarmu, gidanmu ya zama kamar rijiyar da ruwanta ya ƙafe, in na yi tari, tarin ne ke amsa mini. Na kira ki a waya, kika ce, "Ina zuwa, bari in sauke tukunya." Har yau tukunyar ba ta sauka ba. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, don ita takarda ba a katse ta.

Albishirinki, farin watana! Amma bari in kamo miki labarin daga tushe, kin san ni ban iya gajartawa ba.

Jiya da hantsi amarya da uwarta suka gudo nan, wai hayaniyar gidan da kike mulki a ciki ta hana su tsara wurin zaman baƙi a ɗakin taron da aka kama. Jikarki ta kwaso murafen gwangwanaye daga kicin, ta jera su a kan darduma, ta ce kowane murfi tebur ne. Sai ta jawo tsohon gwangwanin maɓallaina, wanda ya rage mini daga shago, ta zazzage shi, ta ce ga mutane nan. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina ɗinka wa mutane maɓalli a riga, ban taɓa lura suna kama da masu rigar ba sai jiya!

Da kin ga abin, da kin yi dariya har ɗankwalinki ya zame. Ƙaton maɓallin kwat ɗin nan shi ne ƙanena, wanda yara ke kira Rediyo don ba a samo makunninsa na kashewa ba. Baƙaƙe guda biyu su ne gwaggonnin amarya, da ba sa ga maciji tun ranar da ɗaya ta mayar wa ɗaya tukunyar aro da ƙonannen gindi. Aka kai wannan bakin ƙofa, aka kai waccan gindin taga, sai muka lura sun fuskanci juna, hararar za ta ratsa ɗakin ta bi ta kan ango. Aka juya wa ɗaya baya. Mai tumbi aka kai shi ƙarƙashin fanka, masu goyo aka matso da su kusa da hanya, 'yammata aka jera su inda samari za su gan su ba tare da wuya ya murɗe ba. Ni kuma aka zaɓo wani na tagulla da ya dushe, aka ɗora ni a babban tebur, aka ce wai mun yi kama.

Da aka gama, uwar amarya ta karkaɗe hannu ta ce, "Alhamdulillahi, kowa ya samu wuri." Na duba murfin nan, na duba wancan. Na ce, "To ina uwarki?"

Sai 'yarki ta ce, "Baba, ai Iya ba ta zama." Amarya ta fara dariya, sai ta fasa.

Kada ki ga laifinsu, ƙamshin gidana. Ba rashin ƙauna ba ne. Kawai dai babu wani a cikinmu da idonsa ya saba ganin ki a kujera ranar taro. Wane suna, wane aure, wace walima aka yi a danginmu da kika zauna? Bayanki muke gani, faranti a hannu, kina tambaya ko an kai wa na can ruwa. Na ɗauko hotunan gidan nan na duba: a wannan hannunki ne kawai ya fito, a wancan gefen mayafinki, kamar tsuntsuwar da ta tashi kafin a ɗaga ido. Shin wata ya taɓa haska gari ya ɓoye kansa haka?

Sau ɗaya na san mun zauna kafaɗa da kafaɗa a bainar jama'a, kuma wannan amaryar ce sanadi. Kin tuna bencin asibiti ranar da za a haife ta? Ungozoma ta koro ki waje, ta ce kin cika ba da umarni. Kika rasa abin sharewa, kika rasa wanda za ki aika, dole kika zauna a gefena. Ana ruwa a waje, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta taga. Kina cikin yi mini faɗa a kan hulata, barci ya sace ki, kanki ya sauka a kafaɗata. Hannuna ya mutu murus, ni kuwa ina addu'a kada ya farfaɗo. Wayyo ni! Daɗin wannan yammacin nake ta gutsura ina ci har yau, kuma ya kusa ƙarewa.

To sai ga matsala. Babban tebur ya cika, mai ɗakin taron ya ce ko allura ba za a ƙara ba. Na shafa gemu. Sannan na miƙa sandata a hankali, na tura Rediyo daga hannun damana, na tura shi, har sai da ya sauka a wani tebur a gefen kakan ango, bawan Allah da kunnensa ya daɗe da yin ritaya. 'Yarki ta ce, "Baba, Baffa zai yi fushi fa!" Na ce ya yi, ai ya samu wanda ba zai katse shi ba, shi kuma dattijon ya samu wanda ba zai dame shi ba. An taɓa haɗa zama mai albarka irin wannan?

Sai na tona gwangwani har ƙasa, na zaro wani fari ƙarami mai sheƙi kamar raɓar safiya, na ajiye shi a hannun daman na tagulla. Amarya ta tafa hannu ta ce, "Kai, tsoho! Ashe da sauranka!" Na ce mata ke dai ki roƙi Allah angonki ya kai rabina.

Yanzu saura ke, furen lambuna. Na san ki, na san abin da za ki ce: wa zai duba abinci, wa zai tari baƙi? An ɗauko masu yin wannan, matasa masu fararen riguna da lafiyayyun gwiwoyi. Taki gwiwar kuwa ina jin ƙararta a matakala, ko da kin ce takalmi ne. Ni da ke ba mu san bukukuwa nawa suka rage mana ba. Ina so a wannan in kalli jikarmu tana shigowa, in juyo in ga fuskarki, ba bayanki ba. Ina so in raɗa miki gulmar kwalliyar mutane, ki make mini hannu ki ce in ji tsoron Allah. Har keken ɗinkina na buɗe yau da safe, na yi miki ɗan matashi na jingina baya, ɗinkin ya ɗan karkace don ido ya ja baya, amma kowane zare da sunanki na ja shi.

In kuma roƙo bai isa ba, to ga abin da na ƙudura, kuma kin san ni da taurin kai. Ranar nan zan tsaya a bayan kujerata, ba zan zauna ba sai kin zo. Ni ne babba a dangi, wa zai iya zama ina tsaye? Ango zai tsaya, amarya za ta tsaya a kan takalmanta masu tsini, abinci zai huce a faranti, jama'a duka za su juya suna nemanki da ido. Ƙafafun nan nawa kuwa kin fi kowa sanin ƙarfinsu. Kada ki daɗe.

Naki ne ni, a tsaye da a zaune, yau da gobe, har ranar da numfashi zai yi sallama da ƙirjina,

Tsohon telanki.