Da'ira Biyu a Murfin Kwalin Dabino

Zuwa ga Muhsinat, sanyin idona, ruwan randar da nake ɗokin sha idan ranar Dubai ta gasa ni, wadda muryarta ke sauke mini gajiyar aji shida a yini guda. Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki gaisuwar mai laifin da ya san laifinsa.

Yau kwana tara ba ki ɗaga wayata ba. Jiya bayan sallar Juma'a Yaya Kamal ya gaya mini kin yanki tikitin Kano na ashirin ga wata. Ban ga laifinki ba. Na ɗauki biro ne tunda bakina shi ya jawo mini.

Kin tuna ranar nan a falon yayan naki a unguwar Abu Hail? Ni ko ina gaban allo ganinta nake yi. Kika ce in nuna miki abin da nake koya wa ɗalibai a makon, na ce darasin rukunai ne: a zana da'ira biyu masu shiga juna, kowacce a zuba mata nata, abin da suka yi tarayya a kai a sa shi a tsakiya. Sai kika jawo murfin kwalin dabino, kika kifa kofin shayi, kika zagaye shi sau biyu. A taki kika rubuta Kano, da zama kusa da Hajiyarki tunda idonta ya fara rauni, da aiki a asibitin gida, da tsakar gida mai bishiyar lemo. A tawa kika rubuta abin da kika gaji da ji daga bakina: ƙarin shekara biyar a Dubai, digiri na uku, fulat mai kallon ruwa. Tsakiya ta zauna wayam. Kika turo mini murfin, kika ce in duba ko kin yi daidai.

Ni kuma, Allah ya shirye ni, na duba kamar takardar jarrabawa aka miƙo mini. Na ce daidai ne. Har da ƙarin bayani, wai rukunin da babu komai a cikinsa shi ma rukuni ne, ba kuskure ba ne. Wane irin mutum ne mace za ta buɗe masa damuwarta ya tsaya ba ta maki? Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya abar ƙaunata, kullum sai na yi wa ɗalibaina faɗa a kan abu ɗaya: kafin ka taɓa lissafi, ka ware abin da aka ba ka daga abin da ka ɗora da kanka. Ashe malamin ne bai ji darasin ba. Na tafi da murfin nan gida, na bi shi ɗaya bayan ɗaya. Raunin idon Hajiya abu ne da aka ba mu, babu mai goge shi. To shekara biyar ɗin fa, wa ya ba ni? Ni na yanka wa kaina, shekara shida da suka wuce, ina kwana a ɗaki ɗaya da mutum biyar a unguwar Naif, na ƙudurta ba zan koma gida ba sai ana kirana Dakta. A lokacin ban san akwai ki a duniya ba. Rukuni kuwa ba komai ba ne illa abin da ke cikinsa, in ka cire ɗaya ya zama wani rukunin daban. Lissafinki bai karkace ba. Ni ne na ba ki tsohon bayani.

Ranar Litinin aka kawo mini takardar sabunta kwantiragi, na mayar ban sa hannu ba. Sau uku shugaban makaranta yana tambayata ko na tabbata, na ce masa khalas, wato magana ta ƙare. Bizata za ta ƙare a Yuli, bayan ɗalibai sun gama jarrabawa, daga nan sai in koma Kano. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Ina tsoron fara neman aiki daga farko, da ajin mutum tamanin, da ɗauke wuta ana tsakiyar darasi. Amma na kwatanta shi da ranar da zan sauka daga jirgin ƙasa a Abu Hail alhali ba kya unguwar, sai na ga tsoron komawa gidan zan iya ɗaukarsa.

Ba na roƙon ki fasa tafiya. Ki tafi, Hajiya ta fi ni buƙatarki yanzu. Kuma ban yi wannan don in ɗaure ki ba, ko kin ce a'a nauyin yana kaina ni kaɗai. Abu ɗaya nake roƙo: ki ba ni izini in turo magabatana wurin naki. In kin yarda, ki gaya wa Yaya Kamal, ya san inda zai same ni. In ba ki yarda ba, ki daure ki gaya mini da bakinki kafin ashirin ga wata. Zan jure, amma kada ki bar ni da shiru.

Naki a nan, naki a Kano, naki muddin ina numfashi,
Ɗalhatu