Katin da ka bari

Yaya Mutaru,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Anti da jaririya. Muna lafiya, sai dai gida ya yi shiru tun tafiyarka.

Jiya Baba ya kai ni shagon Sabonjida zaɓen laftof ta makaranta, ya ce ita ce har in gama. Na tafi da tsohon katinka na intanet, amma bai shiga ramin sabuwar laftof ɗin da ke shagon ba. Mai shago ya ce, "Ƙanwata, wa ke duba ramin kati yanzu? Ɗauki sabuwar!" Sai na nuna wata tsohuwar laftof da katinka ya shiga, ita muka saya.

Katin ma ba ya aiki, Yaya, amma na kasa cire shi. Na yi kuskure? Ka yi mini addu'a, ka gaida Anti.

Ƙanwarka,
Rahinatu