Shinkafar Baban Yara Ta Kwanta

Litinin, 4 ga Agusta
Yau kwana tara da Yaya ya tafi da Baban yara asibitin ido. Sai an yi wa ido ɗaya aiki ya warke kafin a taɓa ɗayan, wata biyu ke nan. Baban yara ya bar min gonar shinkafa da gwangwanin da yake awon taki. Gidan ya yi min girma.

Talata, 12 ga Agusta
Ya kira. Wai da an kwance masa ido, shinkafarsa yake son fara gani. Shekara ashirin da shida ina gabansa! Na yi dariya, amma na ji haushi.

Alhamis, 21 ga Agusta
Gonar maƙwabcinmu ta fi tamu kore. Takin yuriya da Baban yara ya ce in raba kashi biyu, na juye shi duka yau, na ƙara da rabin buhun da ke ɗaki. Mutumin da ya shekara uku yana gani dishi-dishi, ai ya kamata ya ga kore na gaske.

Asabar, 6 ga Satumba
Shinkafa ta yi shar, ta kai min ƙirji. Malamin gona ya biyo, ina jiran yabo, sai ya tsuguna ya matsa gindin kara ɗaya da yatsa biyu, ya lotse. "Uwargida, taki ya yi yawa. Gaɓoɓin sun yi tsawo, ba su da kauri. In ta ɗau kai, Allah ya tsare mu da iska." Na ce masa amin a daƙile.

Juma'a, 19 ga Satumba
Ruwa da iska bayan la'asar. Rabi ta kwanta.

Asabar, 20 ga Satumba
Tun safe ina cikin caɓi, ina tattara gindi biyar-biyar ina ɗaure su su tsaya. Ta maƙwabci, da na raina bayan tamu ta fi ta tsawo, tana tsaye ƙyam. Bayana kamar zai balle. Da Baban yara yana nan da ya yi faɗa. Wallahi faɗan ma nake kewa.
Ya kira, na ce komai lafiya.

Laraba, 24 ga Satumba
Na faɗa masa. Sai na ji ya fashe da dariya. Wai shekarar da yake neman aurena haka ya yi, don gonarsa na kan hanyar da nake bi zuwa rijiya. Ta kwanta kaf, ya ɗora wa iska laifi, har yau babu wanda ya sani.
"Ba ki ma waiga ba," in ji shi.
Na waiga. Kullum sai na waiga. Ban faɗa masa ba, sai ya dawo.