Ƙato Bayan Ƙato a Filin Rikoto

Lahadi, 12 ga Nuwamba, 2006

Gwiwar nan ta hana ni barci, gara in rubuta.

Bayan an taso daga coci, magoya bayan kulob ɗinmu na ƙwallo suka taru za su zaɓi ɗan wasa lamba shida da ba a taɓa yin kamarsa ba a Rikoto. Ni da Danladi aka tsayar. Da takarda aka jefa, da ban san zuciyar kowa ba. Sai aka ce ƙato bayan ƙato.

Danladi ya ci. Kayen bai dame ni ba. Amma da na waiga, Bitrus na layin Danladi, yana kallon takalminsa. Golan da na yi shekara tara ina tare masa 'yan gaba. Don kada a ci shi na karya gwiwar nan a Sakaba.

Da aka watse ya ce, "Yaya, kada ka ji haushi. Danladi yana cin ƙwallo, kai kuwa ba a ganin aikinka."

'Yan kallo ba su gani, na yarda. Amma shi shekara tara yana tsaye a bayana. Yau ɗaya ce ya kasa.