Duwatsun Tipaza

Asabar, 10 ga Fabrairu 2024
Hamisu ya turo hotuna daga Tipaza, garin bakin teku a Aljeriya inda yake aikin gina otal. Ranar hutunsu ya shiga kufan Rumawa. Ginshiƙan dutse a tsaye ba rufi, bayansu ruwa shuɗi har iyakar gani. Ya ce, "Habsatu, ke da kike koya wa yara tarihi a lakwal, ke ya kamata ki ga wannan." Mijina ya yi ƙiba. Ban san wa ya riƙe masa wayar ba.

Talata, 20 ga Fabrairu
Tarin Inna Saude, uwar Hamisu, ya dawo. Na ɗora ta a kabu-kabu zuwa likita. A hanya ba ta tambayi komai ba sai yaushe ɗanta zai zo.

Alhamis, 7 ga Maris
Yau kabarin wani sarki da matarsa ya turo, a kan tudu, zagayayye kamar rumbu amma ya fi masallacin Juma'ar garinmu Dungas tsawo. Na nuna wa Inna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Su dai an binne su tare." Na ce masa jikinta ba daɗi. Ya ce in ya fito ba takardu, za a kama shi a hanya a zubar a Assamaka, can bakin iyaka cikin hamada, aikin kuma ya tafi. Gaskiya ce. Duk da haka na ji haushi.

Lahadi, 14 ga Afrilu
Inna ta rasu bayan azahar. Kanta a cinyata.

Laraba, 17 ga Afrilu
Ya kira, ya yi kuka sosai. Ya ce ya je inda tsofaffin akwatunan gawa na dutse suke jere a bakin ruwa, babu kowa, can ya zauna ya yi mata addu'a. Ina jin teku a bayan muryarsa, ga mata cike da tsakar gida sun zo gaisuwa. Na ce, "Baban Ruma'isa, kabarinta yana nan Dungas." Da ban faɗa ba.

Litinin, 6 ga Mayu
'Yarmu Ruma'isa ta zana ginshiƙai a allonta, ta ce gidan babanta ne. Na ce ba gida ba ne, kango ne, masu shi sun tafi tuntuni. Ta ce to shi me yake yi a ciki?

Litinin, 3 ga Yuni
Ba zai zo shuka ba. Mai otal ya ce ya zauna har baƙin lokacin zafi su gama zuwa wankan teku. Ya ba ni labarin filin wasan Rumawa mai matakalar dutse, yadda in ka yi magana a ƙasa na can sama zai ji ka. Ya iya ba da labarin wurin, muryarsa har rawa take. Bai taɓa yin maganar garin nan haka ba.

Juma'a, 21 ga Yuni
Ruwa ya sauka jiya. Na samo mutum biyu daga ƙauyen Kwaya, muka shuka hatsi, gefen fadama kuma gyaɗa, ko da yake Hamisu bai son gyaɗa a wurin. Baƙo maƙwabcinmu ya tsaya da amalankensa ya ce, "Malama, gonar Hamisu ce ake shukawa haka?" Na ce, "Gonata ce." Sai da ya wuce na ji abin da na faɗa. Ban kira shi na gyara ba. Gajiya ce kawai.