Masaukin Ɗiyar Ahmed

Asabar, 3 ga Satumba, 2022

Raƙiya ta buɗe mana zaure a WhatsApp, mu da muka shiga kwaleji tare a nan Tawa fiye da shekara talatin da suka wuce. Dokarta ɗaya ce: kowa ya aiko da muryarsa, ya faɗi inda rayuwa ta kai shi. Ba ta yarda da rubutu ba. "Mai rubutu tsara ƙarya yakai," in ji ta.

Ita ta fara. Ungozoma ce a wajen Kalfu. Ta ba da labarin wata mai naƙuda da aka ɗauko a amalanke cikin daminar nan, ruwa ya cika ƙorama, jaki ya ƙi shiga. Raƙiya ce ta ƙetara musu, jakarta a ka, ruwa har ƙirji, aka haihu a bakin gaɓa. Rabin saƙon kuwa kukan takalminta take yi, wanda ruwa ya tafi da shi. A aji, yarinyar nan ko ƙadangare ta gani sai ta hau tebur.

Na saurara bayan la'asar a tsakar gida, matata Nasiratu na tsintar shinkafa a gefe. Ta yi dariya wajen takalmin.

Litinin, 5 ga Satumba

Souleyman daga Abijan. Da tiren agogo ya soma, yau yana da shago, amma ba wannan ya tsaya mini a rai ba. Ya ce duk yaron yankinmu na Adar da ya sauka can bai san kowa ba, gidansa ake nuna masa. Ya faɗe shi a gurguje, kamar mai jin kunya, ya koma tsokanar mutane.

Dodo kuma malami ne a wani ƙauye, a ajin zana. Kowace shekara da hannunsa yake sake kafa ajin bayan girbi. Bai yi ƙorafi ba ko da kalma ɗaya.

Sun tuna sunan da suka laƙaba mini, Alƙali, saboda ba na amsa tambaya sai na juya ta. Souleyman ya ce, "Alƙali na nan yana sauraro, hukunci sai baɗi." Me zan ce musu? Na yi jami'a a Yamai, na dawo, ina auna zurfin rijiyoyi a ofishin ruwa. Gaskiya ne, amma ba labari ba ne.

Alhamis, 8 ga Satumba

Ahmed ya yi magana yau. Ban yi zaton za a same shi ba.

Benci ɗaya muka zauna shekara biyu. A lissafi babu wanda ya kama ƙafarsa, har ni. A shekara ta uku aiki ya ɗauke mai masaukinsa daga Tawa, bai sami wani gidan ba, ya koma wajen raƙuman mahaifinsa arewa da Tebaram. Can yake har yanzu. Ya koyi yi wa dabbobi allura, makiyaya na nemansa daga nesa. Hausarsa na nan da karin harshensu na Tamashek, a hankali, ana jin iska da kukan awaki a bayansa. Ya ambaci kowannenmu da wurin zamansa a aji. Babu ɗaci a muryarsa ko kaɗan, kuma na nema.

A ƙarshe, kamar abin da ya tuna a makare, ya ce ɗiyarsa Zahara ta ci birbe, jarrabawar gama kwaleji, an turo ta lise, makarantar gaba, a Tawa. Ba su da kowa a garin. In an sami masauki kafin a buɗe makaranta ranar uku ga Oktoba, to; in ba a samu ba, za ta zauna wajen uwarta, Allah ya san abin da ya fi. Sai ya yi sallama.

Bai roƙi kowa ba.

Juma'a, 9 ga Satumba

Zauren ya cika da barka da addu'a. Ba wanda ya kira sunana. Duk cikinmu ni kaɗai ke zaune a Tawa, kuma kowa ya sani.

Lahadi, 11 ga Satumba

Raƙiya ta kira ni ni kaɗai.

"Alƙali, ka ji Ahmed?"

Na ce na ji.

"To mi kake jira? Gida gare ka, ɗaki gare ka. Ko littattafan nan naka su za su ci jarrabawar bak su shiga jami'a?"

Na ce akwai abin dubawa. Ta ce in duba da sauri, makaranta ba ta jiran alƙalai. Ba ta san komai ba, ni kuma ban gaya mata ba.

Bari in rubuta shi a nan, tunda ba na iya faɗarsa. Allah bai ba mu haihuwa ba, ni da Nasiratu. Ƙanena ya ba mu riƙon ɗiyarsa Balkisa tun tana tatata, ta girma a bayan Nasiratu har ta shiga makaranta. Wata Asabar uwarta ta zo gaisuwa, ta ce za ta tafi da ita kwana biyu. Ba a dawo da ita ba. Ba faɗa aka yi ba, haƙƙinsu ne. Nasiratu ta kwanta ciwo har ƙarshen ranin shekarar, likita bai sami sunan ciwon ba. Da ta tashi, ta kwashe kayan ɗakin, ni kuma na cika shi da littattafai don kada ya zauna wofi. Tun daga nan ba mu sake ambaton yarinyar ba. Mun sami wani irin zaman lafiya, kuma na san tsadarsa.

Yaya zan kawo mata ɗiyar wani, wadda tun ranar zuwanta an san za ta tafi?

Laraba, 14 ga Satumba

Na zaga neman wani gidan. Abokin aikina Issouf na da ƴan ƙauyensu har a zauren gidansa, babu wurin shimfiɗa tabarma. Limamin unguwa ya nuna mini wata mai tuwon sayarwa kusa da tasha, wadda ke karɓar ƴan makaranta mata. Na je. Mace ce mai fara'a, ba ta ɓoye mini komai ba: yarinya za ta yi daka da wanke-wanke kafin aji da bayansa. Na ga biyu daga cikinsu, ɗaya ta jingina littafi da tukunya tana karatu tana firfita wuta. Na yi godiya na fito.

Ba zan iya kiran Ahmed da wannan ba.

Juma'a, 16 ga Satumba

Souleyman a zaure: "A sako mani ita a mota, akwai lise a Abijan." An yi dariya. Ina jin ba wasa kawai yake yi ba, shi da gaske zai iya. Waɗannan mutane, da muka ci ƙosai a takarda ɗaya, sun zama manya ta hanyar da ban lura ba.

Lahadi, 18 ga Satumba

Na yi kwanaki ina tsara yadda zan buɗe wa Nasiratu maganar. Da hantsi, tana shanya, na soma da tarihin Ahmed. Ban kai rabi ba ta katse ni.

"Malam, ranar da ka ji shi ina zaune a nan. Kunnena ƙalau."

Na ce to me ya sa ba ta ce komai ba. Ta ce ta zaci rowar ɗakin littattafaina nake yi, ba ta so ta takura mini. Na ce ni kuma ita nake ji wa. Ta daɗe tana matse zane ɗaya wanda ya riga ya daina ɗiga.

Abin da ta faɗa bayan nan, gwargwadon yadda na riƙe: ba tafiyar Balkisa ce ta kayar da ita ba, rashin sanin ranar ne. Da an gaya mata, da ta yi mata kitso, ta haɗa mata kaya, ta raka ta bakin hanya kamar mutum. Wannan shi ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinta a gabana tun wancan rani.

Ba ta ce e ba. Ta ce uban ya zo da kansa, tana da tambaya.

Litinin, 19 ga Satumba

Na kira Ahmed. Sai da ya hau tudu kafin mu ji juna. Zai shigo motar kasuwa ranar Lahadi.

Lahadi, 25 ga Satumba

Ya zo kafin azahar, dogo kamar da, rawani ya rufe rabin fuska, da ƙullin cuku a hannu. Mun daɗe riƙe da hannun juna. Ya dubi furfurata ya ce lissafin rijiya ya fi kiwo tsufar da mutum.

Bayan abinci na haɗa shayi. Nasiratu ta fito ta zauna a bakin tabarma, suka gaisa. Ba ta yi wani zagaye ba.

"Baban Zahara, yaushe za ka karɓe ta?"

Na ga hannunsa ya tsaya da kofin. Ya ja rawani ya ƙara rufe baki, ya ajiye shayin bai sha ba. A kunnensa, matar gida na tambayar ranar rabuwa da baƙuwar da ko isowa ba ta yi ba. Ya ce cikin ladabi sosai, bai zo ya ɗora wa kowa nauyi ba, ganin tsohon aboki ma ya ishe shi. Ya soma laluben takalminsa.

Nasiratu ta dube ni. Babu lokacin auna magana. Na ce, Ahmed, zauna. Na gaya masa labarin Balkisa, a gabanta, ban san da waɗanne kalmomi ba, na san dai ba su da tsari. Na ce matata ba ranar hutawa take tambaya ba, ranar da za ta shirya wa take tambaya.

Ya saki takalmin, ya gyara zama. Sannan ya juya wajenta, ba wajena ba.

"Hajiya, ranar da ta gama bak, in Allah ya kai mu. Kowane hutun makaranta kuma tana wajen uwarta. Ban da waɗannan, ko ni na zo ɗaukarta, sai kin ce to."

Ta ce, "Ka faɗa."

Ya ce, "Na faɗa."

Ta tashi ta shiga ciki. Daga ɗakin girki ta ɗaga murya tana tambayar ko yarinyar na cin yaji.

Na raka shi tasha. A hanya ya ce abu ɗaya game da kansa, shi ne kawai: ranar da ya bar Tawa yana yaro, ta wannan titin ya bi. Sai ya koma zancen tsadar dusa.

Alhamis, 29 ga Satumba

Littattafai sun koma falo, wasu ƙarƙashin gado. Bayana na ciwo.

Lahadi, 2 ga Oktoba

Zahara ta iso da akwatin ƙarfe da jakar fata. Siririya ce, ba ta ɗaga ido. Ta kira Nasiratu Inna, ni kuma Mushe, kamar malamin aji. Ban gyara mata ba.

Raƙiya ta yi guɗa a zaure har wayar ta yi ƙara. Dodo ya yi addu'a mai tsawo. Yabon ya yi mini yawa. Ɗaki ne kawai.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Ta kawo mini wani lissafi da ya gagare ta. Kafin in gama karanta tambayar ta ce, "A'a, Mushe, na gani," ta janye littafin. Haka ubanta yake yi mini a benci. Ban ji haushi ba a wancan lokaci ma, sai dai kaɗan.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Nasiratu da Zahara suna gardama a kan yadda ake dama fura, ta arewa da ta gari. Ina falo, shafi ɗaya na karanta tun safe. Gidan ya yi surutu.

Sabbin muryoyi sun shigo zaure: Hasan na tuƙa babbar mota tsakanin Agadas da Ƙonni, Aminata ta zama shugabar makaranta. Zahara ta ce in sake sa mata muryar ungozomar da ta ɓatar da takalmi.

Asabar, 24 ga Disamba

An yi hutu, Zahara ta tafi wajen uwarta. Nasiratu ta yi mata kitso jiya, ta cika mata jaka da ƙuli-ƙuli da sabulu na uwarta, ta raka ta har mota. Na tsaya ina lura da fuskar Nasiratu a hanyar dawowa. Lafiya lau. Ta tsaya ma ta yi cinikin tumatir, ta ci nasara.

Ashe ta san abin da take nema.

Laraba, 28 ga Disamba

Nasiratu na cikin harkokinta, ta je suna, ta je kasuwa. Babu abin damuwa ta wannan gefe, alhamdu lillahi.

Na tashi daga ofis da wuri, babu aiki sosai. Na ce wa mai kabu-kabu ya bi ta tasha, ko da yake ba hanya ba ce. Na tambayi yaran mota ranar da motocin Tebaram ke shigowa, da ƙarfe nawa, da ko hanya na da kyau. Abu ne da ya kamata mai masauki ya sani, ba wani abu ba.

Da na dawo Nasiratu ta ga ƙurar tasha a takalmina. Ta ce, "Malam, sai Lahadi fa za ta dawo." Na ce na sani.

Na sani tun kafin in je.