Jinin Matan Tanda Da Kuka Ƙone

Zuwa ga Diraktan cibiyar binciken lafiya da nake wa aiki a Yamai,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Na gaishe ka don haka aka hore ni a gida, amma raina a ɓace yake, ba kuwa zan ɓoye ba. Na rubuto ta hannun sakatarenka har na gaji, ko amsa ɗaya ban gani ba, shi ya sa yau na rubuto inda kowa zai karanta.

Ni ce Ramatu, ƴar Tanda a ƙasar Gaya, wadda ake kira "ta bakin ruwa" a labo, ɗakin gwaje-gwajenku. Cikin matasan masu bincike da kuka ɗauka tare, ni kaɗai ke jin Dendanci, harshen yankinmu. Binciken da zai ba ni digirin dakta a kan tsargiya ne, a jikin matan da ke yini cikin ruwan gonakin shinkafa. Makon jiya kwamitinku ya aiko mini takarda: ko in sake tara jini cikin wata shida, ko a soke sunana. To bari in tuna maka inda jinin farko ya tafi.

Na ɗaya. Matan garinmu ba sa ba baƙo jininsu. A wurinmu jini da gashi da farce ba a yar da su, binnewa ake yi. Damina guda na yi ina bin su gida-gida, ina taya su cirar shinkafa, suna yi mini dariya wai boko ya kashe mini ƙugu. Inna Mariyama, ƙanwar mahaifiyata kuma ungozomar gari, ita ta fara miƙa hannu, amma da sharaɗi: duk abin da ya rage bayan an auna, a dawo da shi a binne a Tanda. Na rantse a gaban mata. Takardar amincewarku ta Faransanci ba ta da layin wannan, sai na rubuta da hannuna a bayanta na kawo maka. Ka karanta, ka yi murmushi, ka ce al'adun ƙauye, ka sa hannu. Takardar tana nan a wurina.

Na biyu. Ina Gaya wajen zagaye na ƙarshe na karɓar jini korona ta shigo, aka rufe Yamai ba shiga ba fita. Labo ya koma gwajin korona. Ban ce laifi ne ba, mutane na mutuwa, kuma na san kuna neman wuri a firigon da ake daskarar da jini. Amma yaya aka zaɓi abin da za a fitar? Duk mai gida a Yamai ya zo ya tsaya a kan akwatin jinin bincikensa. Wanda bai zo ba, kawunsa ko tsohon malaminsa ya buga waya. Ni wa nake da shi a can? Ubana masunci ne, a bakin kogi kawai aka san sunansa. Taron da aka yanke shawara ta intanet aka yi shi. Ina tsaye a tashar mota da tsakar rana, na ɗaga waya sama, rezon waya, wato sabis, yana tsallakawa zuwa na Benin yana yankewa, ina jin muryarka guntu-guntu. A takardar taro aka rubuta wai ban halarta ba. Aka kwashe akwatunana aka kai tanderun ƙona sharar asibiti. Ko mutum ɗaya bai kira ni ba. Sai da aka buɗe hanya na zo na buɗe firigo na ga wayam. Dattijon da ke goge labo ne ya ja ni gefe ya faɗa mini, yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Ai lambata ba ta ɓace muku ba. Da kuka so a yi tambayoyi ga direbobi da ƴan kasuwar da suka maƙale a iyaka, nan da nan kuka tuna akwai mai Dendanci a Gaya. Ni na bi su cikin rana, da takunkumi ɗaya da nake wankewa ina shanyawa. Ni na lallashe su, ni na cike takardun. Da aikin ya fito, sunayen tsararrakina ne a sama, nawa yana can ƙasa wurin godiya, an kira ni tafinta. Tafinta, ranka ya daɗe! Yau kuma kwamitin nan ya ƙirga abin da kowa ya wallafa, ya ce ni ce na zauna ban yi komai ba. Wallahi duk lokacin da na tuna sai in ji zuciyata na tafasa.

Kuna cewa in sake tara jini kamar mai zuwa kasuwa sayo albasa. A hannun wa zan karɓa? Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: har yau matan Tanda ba su san an ƙone ba. Ƙarya nake musu. Duk sallah in na je gida sai Inna ta tambaye ni, in ce yana nan a sanyi, aiki ne bai ƙare ba. Biyu daga cikin matan sun rasu, an binne su ba tare da shi ba. Bana da na je, Inna ba ta yi tambaya ba, ta dube ni kawai ta ce: "Ramatu, ni na ce musu su yarda da ke." Ban iya cin tuwon da ta ba ni ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A janye wa'adin wata shida, a mayar mini da shekarun da kuka ƙone. A rubuta a dosiyena, fayil ɗin aikina, cewa cibiya ce ta lalata jinin, don kada gobe a ce sakacina ne. A mayar da sunana inda ya dace a aikin iyaka. Sannan kai da ka sa hannu ka zo Tanda da ƙafarka. Motar safe tana isowa Gaya kafin la'asar, zan tarbe ka, zan fassara maganarka kalma-kalma, ba ƙari ba ragi.

Ranar Juma'a ta sama Inna za ta tara matan a ƙofar gidanta, kuma zan faɗa musu gaskiya ko ka zo ko ba ka zo ba. Na san abin da zai biyo baya. In ni kaɗai na tsaya, babu macen da za ta sake miƙa mini hannu, digirin ya tafi ke nan, kuma duk wanda cibiyarku za ta aiko garin nan da allura a bayana, a bakin hanya zai tsaya.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya tsare maka zuri'a. Allah kada Ya sa ɗiyarka ta taɓa tsayawa gaban iyayenta tana ba da haƙuri a kan rantsuwar da wani ya karya mata.

Wassalam,
Ramatu, Tanda, Gaya.